Uba Biyu a Takardun Zulaiha

Assalamu alaikum, Malama Huraira.

Ki gafarce ni da zan ɗora miki nauyin da ba ke kika jawo shi ba. Na san wasiƙu sun yi miki yawa, kuma a ciki akwai waɗanda damuwarsu ta fi tawa. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagewa. Ni ba 'yar boko ba ce. Allo na yi a gidanmu har na yi sauka, rubutun boko kuwa sai da na girma na koya a ajin matan aure. Idan kin ga ina ta kewaye-kewaye, ki yi haƙuri da ni. Taimako nake nema, kuma lokaci ya ƙure mana. Sunayen da zan ambata na canza su saboda sirrin gida, Allah Ya sa wannan ma ba ƙarya na yi ba.

Allah bai ba ni haihuwa ba. Ina da ƙane guda, Nu'uman, manomi ne a wajen Kakangi. Da matarsa Hajjo za ta yaye 'yarsu ta fari, sai aka kawo mini ita nan cikin Birnin Gwari, wai ta yi mako biyu ta manta da nono. Da mako biyun suka cika ya zo, ya same ta a goye a bayana, ya dube mu ya yi dariya, ya ce in riƙe, ya ba ni. Ita ce Zulaiha. Yau shekara goma sha bakwai ke nan. Ni take kira Umma, maigidana Malam Salmanu take kira Baba, mahaifinta kuwa Baban Kakangi.

Ga inda laifina yake. Ranar da na kai ta aji ɗaya, malamin da ke rubuta sunaye ya san ni, ya san matar Malam Salmanu ce. Bai tambaye ni komai ba, ya rubuta Zulaiha Salmanu, har yana faɗa a fili yana rubutawa. Na ji shi sarai. Kuma ni ba jahila ba ce a kan wannan, tun ina yarinya na san ba a jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba. Amma Malama, wani sanyi ne ya sauko mini a ƙirji, na ji kamar an rubuta a littafin hukuma cewa ni ma na haihu. Sai na yi shiru. Na ce a raina gobe zan dawo in gyara. Goben nan ba ta zo ba har ta gama sakandare, ta rubuta NECO da wannan suna.

Nu'uman yakan shigo gari duk ranar kasuwa. Yana da wani tsohon mashin mai fasasshen salansa, tun daga bakin layi muke sanin shi ne. Ya kawo mana sabuwar masara, ko rogo, wani lokaci zuma a gora. Wata rana, Zulaiha tana aji huɗu, ta ruga ta ɗauko masa katin sakamakonta. Yana ɗan karanta boko. Ya daɗe yana kallon katin nan, ni kuma ina tsaye da ludayi a hannu kamar an dasa ni. Sai ya ninke shi a hankali, ya miƙa mata, ya sa mata albarka don ta zo ta uku. Bai dube ni ba. Har yau ban sani ba ko ya ga sunan ko bai gani ba. Da na san ba zan ƙara samun damar tambayarsa ba, da na durƙusa a ranar na nemi gafara.

Shekara huɗu da suka wuce, da kaka, suna cikin karyar masara da rana tsaka, mutanen daji suka kewaye gonar. Su shida aka tafi da su. Uku sun dawo. Biyu an tabbatar mana sun rasu, an yi musu addu'a. Nu'uman ne kaɗai ba wanda ya iya faɗa mana komai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo ya ce an raba su a bakin wani rafi, ƙafarsa ta kumbura, yana ɗingishi, daga nan bai sake ganinsa ba. Ba a kira mu a waya ba, ba mu ga gawa ba, ba mu yi jana'iza ba. Hajjo tana gidan iyayenta, ba ta yi takaba ba, kuma ba ta da miji.

Ban san yadda zan kwatanta miki zama irin wannan ba. Ranar kasuwa bayan la'asar, idan mashin ya rage gudu a ƙofar gidanmu, sai hannuna ya tsaya a cikin abin da nake yi har sai ya wuce. Har yanzu nakan ƙara awo a ranar, in ce wa Malam hannuna ne ya zarce. Idan na idar da salla na ɗaga hannu, sai in rasa wace addu'a zan yi masa, ta mamaci ko ta mai rai. Sai dai in ce Allah Ka ji ƙansa a inda yake. Kuma bara, bayan da aka ce an yi sulhu da mutanen dajin, wani mutumin wajen Kuyello ya fito daga daji bayan an daɗe da cire rai da shi. Na je na gan shi da idona, ya rame kamar kara, amma shi ɗin ne da danginsa suka cire rai da shi. Tun ranar abin ya dawo mini sabo.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Zulaiha tana da ƙwaƙwalwa, sakamakonta ya yi kyau. Da za ta rubuta JAMB aka ce sai ta yi katin ɗan ƙasa. Ita kaɗai ta je. Ashe da aka tambaye ta suna, Zulaiha Nu'uman ta faɗa. Da shi ta yi rajistar JAMB, da shi ta karɓo takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ba ta gaya wa kowa ba. Na dai lura tun da abin ya faru ta daina cewa Baban Kakangi, sai Babana, amma ban kawo komai a raina ba. Sai da Allah Ya ba ta gurbi a wata kwalejin koyon aikin jinya a Kaduna, ta bugo takardar ta kawo gida, sannan muka gani. Malam ya karanta, ya cire tabarau, ya ce Allah Ya sanya alheri, ya tashi ya tafi masallaci alhali ko kiran salla ba a yi ba. Shi ne fa mai kai ta darasi a kan kekensa tun tana ƙarama. Daga ranar bai ƙara tambayar zancen makarantar ba.

Yanzu an ce za a yi tantancewa nan da kwana goma sha tara, kuma dole sunan da ke kan NECO ya yi daidai da na sauran takardu, in ba haka ba a ba wani gurbin. Mun je shagon kwamfuta inda ake buga wa ɗalibai takardu. Mai shagon ya ce abu ne mai sauƙi, rantsuwa za a yi a kotu, kuma ni zan yi tunda ni na riƙe ta. Ya buga mana takarda iri biyu, ya ce mu zaɓa. Ta farko ta ce Nu'uman kuskure ne, ubanta Salmanu. Ta biyu ta ce ita 'yar marigayi Nu'uman ce, marainiya, wai idan an sa marigayi an fi jin tausayi. Suna nan cikin akwatina kwana shida. Ta farko ƙarya ce ƙarara. Ta biyu kuwa, ta yaya zan ɗaga hannu in rantse ƙanena ya mutu, ni da ban wanke shi ba, ban ga wanda ya wanke shi ba? Sai in ji kamar ni ce zan kashe shi da bakina, bayan na riga na goge sunansa sau ɗaya.

Zulaiha ta ce idan sai an cire sunan ubanta, ta haƙura da karatun. Ba da tsiwa ta faɗa ba, ba halinta ba ne. Ta ce ma'aikatan jinya suna maƙala suna a ƙirji, kuma asibiti wuri ne da mutanen ƙauyuka ke zuwa daga ko'ina, wataƙila wata rana wani ya karanta sunan ya ce ya san mai shi, ya gan shi a wuri kaza. Ta daina cin abinci sosai. Ita a zatonta Malam ne ya sa aka rubuta sunansa tun farko, kuma ban iya buɗe baki na ce mata ni ce ba.

Ko da an wuce wannan, ina da wani tsoron. Yarinyar nan ba ta taɓa kwana a wani gari ba. A danginmu kaf ba wanda ya taɓa zuwa kwaleji, ban san me ake shirya wa ɗalibi ba, ban san me zan ce mata ta kiyaye ba. Ga hanyar nan ta Kaduna, an ce ta yi sauƙi, amma zuciyata ba ta yarda ba tukuna. Wani lokaci sai shaiɗan ya raya mini cewa gara ma a hana ta, ta zauna a gabana. Sai in yi a'uziyya, don na san idan ta rasa wannan gurbi, shirun da na yi ne ya ci mata shi.

Shin akwai hanyar da za ta shiga makarantar nan ba tare da na rantse a kan ƙarya ko a kan abin da ban sani ba? Idan ta shiga, yaya za ta yi ta gama lafiya da irin wannan zuciya? Don Allah ki ba ni amsa da wuri, kwanakin suna tafiya.

Gwaggon Zulaiha, Birnin Gwari.

AMSA

Wa alaikumus salam, Gwaggon Zulaiha. Ba ki dame ni ba, kuma rubutunki ya fi na 'yan boko da yawa fita.

Ki ciro takardun nan biyu daga akwati ki yaga. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Akwai ta uku wadda mai shago bai ambata ba, kuma ita aka saba yi a irin wannan hali: takardar rantsuwa cewa Zulaiha Salmanu da Zulaiha Nu'uman mutum ɗaya ce. A rubuta abin da ya faru kawai: Nu'uman ne ya haife ta, ta tashi a gidan Malam Salmanu, an sa ta a makaranta da sunan mai riƙonta, yanzu tana amfani da sunan mahaifinta. Babu mutuwa a ciki, babu ƙarya. Tunda ta wuce shekara goma sha takwas, ita da kanta za ta iya yin rantsuwar, ke ki tsaya shaida idan an nema. Ku shiga ofishin kotu da ƙafarku, kada ku bi ta hannun masu tsayuwa a bakin ƙofa, kuma a fassara muku kowane layi da Hausa kafin kowa ya sa hannu.

Kada ku tsaya a nan. Ku karɓo wasiƙa daga shugaban sakandaren da ta gama, da hotonta da hatimi, cewa ɗalibarsu ce. Ku ƙara da ta mai unguwa ko hakimi, wanda ya san gidajen biyu. Makarantu da yawa suna son a buga sanarwa a jarida ma. Amma kafin ku wahala da jarida, ku je kwalejin a 'yan kwanakin nan, kada ku jira ranar tantancewa da layi ya kai bakin titi kowa ransa a ɓace. Ku nemi ofishin ɗaukar ɗalibai, ku nuna takardun, ku tambaya me suke karɓa, Zulaiha ta rubuta sunan jami'in da abin da ya ce.

Ba zan ɓoye miki ba, dokokin makarantu sun bambanta, kuma na jinya suna da tsauri a kan suna. Za su iya karɓa, za su iya ƙi. Idan sun ƙi, ta rubuta takarda ta roƙi a ajiye mata gurbin zuwa baɗi idan suna yin haka, ta kuma yi rajistar jarrabawar NECO ta masu zaman kansu ta ƙarshen shekara da sunan Nu'uman. Wadda ta ci sau ɗaya za ta sake ci. Shekara ɗaya ce za ta tafi, ba karatun ba. Abin da zan gargaɗe ku a kai shi ne duk wanda ya ce zai gyara sunan a kan sakamakon da kwamfuta. Wannan jabu ne, kuma ana korar ɗalibi a kansa ko yana ajin ƙarshe.

Idan fom ya tambaya ko mahaifi yana raye, ta faɗa wa jami'in gaskiya, an tafi da shi shekara huɗu ba labari, ya nuna mata yadda za ta cike. Hukuncin wanda ya ɓace na alƙali ne, kuma Hajjo ce mai haƙƙin kai maganar idan ta ga dama. Ba naki ba ne, ba na mai shago ba ne, kuma makaranta ba ta buƙatarsa.

Yanzu cikin gida. Shirun da kika yi kuskure ne, ba zan ce miki ba kuskure ba ne, tunda kin sani. Amma rajistocin makarantunmu cike suke da 'ya'yan riƙo masu sunan masu riƙonsu, kuma ba ki yi don ki cuci ƙanenki ba. Ki yi istigfari, ki daina yi wa kanki shari'a kullum. Gyaran da ya rage a hannunki shi ne ki zaunar da Zulaiha ki ce mata ke ce, tun kafin ta tafi da ƙullin Malam a zuciya a kan abin da bai yi ba. Ita ma tana da nata. Komawa ga sunan ubanta daidai ne, amma yin sa a ɓoye ga mutumin da ya ɗauke ta a keke shekara da shekaru bai dace ba. Malam ya fi mu sanin hukuncin suna, ina zaton ɓoyewar ce ta yi masa ciwo. Ta je ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Sunansa ne zai hau gurbin mai kula da ɗalibi a kowane fom, kuma shi ya kamata ya raka ta Kaduna.

Shirin tafiya ba wuya. Kowace takarda a yi mata kwafi da yawa, a ɗauki hotonta a waya, na ainihi su zauna a jaka guda da ba a ba kowa aro. Ta nemi ɗaki a cikin makaranta tun ranar farko, ya fi haya a gari ga wadda ba ta san kowa ba. Kaya kaɗan: katifa idan ba a bayarwa, bokiti, fitila mai caji, garin kunu da ƙuli. Sauran sai ta ga yadda wurin yake.

Ki gaya mata watannin farko su ne masu haɗari. Yawancin makarantun jinya suna yin jarrabawar tacewa da wuri, kuma masu faɗuwa ba daƙiƙai ba ne, waɗanda suka ce bari su saba da wuri tukuna ne. Ta fara bita daga makon farko, abin da aka koyar yau ta karanta shi yau. Kada ta raina ƙananan gwaje-gwaje, makinsu ake tarawa. Turancin lakca zai yi mata sauri da fari, kowa haka ya ji. Ta zauna a gaba, ta yi tambaya, ta sami ƙawaye biyu masu karatu, ba goma ba. Ta san malamin da aka ɗora wa kula da ajinsu, ta kuma sami malama ɗaya mai hankali ta gaya mata halin da gidansu ke ciki, domin ranar da abin ya taso mata a san dalili. Fatan da take yi game da sunan da za ta maƙala, kada ki kashe mata shi. Ki dai tuna mata cewa marar lafiyan da ke gabanta yana da haƙƙin ta dube shi don kansa.

Hanya kuwa, a bi ta da safe, a shiga mota daga tasha, bayan an tambayi direbobi. Ba zuwa gida duk ƙarshen mako, sai hutu. Ku sa lokacin waya guda da kuka san za ku ji juna. Sannan ga wadda ta fi wuya, kuma taki ce: duk jita-jitar da za ki ji cewa an ga wani ya fito daga daji, kada ki kira ta sai kin tabbatar. Ku a gida ku bi sawun labarin. Yarinyar da ake tayar wa da hankali duk wata ba za ta iya riƙe karatu ba.

Tunanin nan na a hana ta ta zauna a gabanki, na fahimce shi, kuma na ji daɗi da kika gane daga inda yake. Zamanta a gida ba zai dawo da kowa ba, sai dai ku zama ku biyu masu jira. Ki yi magana da ita yau, ta yi magana da Malam gobe, jibi a je kotu, Litinin ita da Malam su kama hanyar Kaduna, su ji abin da kwalejin ke karɓa.

Allah Ya bayyana Nu'uman, Ya sanyaya zuciyarki da ta Hajjo, Ya saka wa Malam da alheri. Zulaiha kuma Allah Ya buɗe mata ƙofar nan, Ya sa ta shiga da gaskiya ta fito da sakamako mai albarka.

Taki,
Malama Huraira.